Kin Gane Mai Magana?

Ni mutum ne mai son fim, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Duk ranar da na shiga Kura sai na biya shagon masu cajin waya an tura mini sababbi, irin na ƙasashen waje da ake ɗora wa muryar Hausa. Na soyayya ba su dame ni ba, in ban da kuka da rawa babu abin da suka iya. Ni na 'yan sanda nake so. Da rani, in na jawo ruwa daga kanal ina jiran kwamin tumatir ya cika, sai in nemi inuwar mangwaro in jingina waya da dutse in yi ta kallo. Ruwa ya sha ɓallewa ya shiga gonar maƙwabcina, ni kuwa ina can ina taya wani ɗan sanda gudu a ƙasar da ko sunanta ban iya faɗa ba.

A cikinsu akwai wanda na kalla har na kusa haddacewa. Labarin wasu 'yan damfara ne da suka kama bene guda suka cika shi da wayoyi, suna kiran tsofaffi suna kwashe musu abin da suka tara. 'Yan sandan da ke farautarsu suna da wani ɗaki, bangonsa duk allon kwamfuta. Ɓarawo na buɗe baki sai wani jan ɗigo ya fito a taswira, ya yi ta matsawa har ya tsaya a kan rufin gidan da yake ciki. Daga nan sai jiniya, sai fasa ƙofa. In na zo wurin nan daɗi nake ji har cikin ƙashina, kuma nakan ce a raina ai sai wawa ake cuta ta waya.

Muna da wa, shi ne ɗan farin Inna. Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir tun daga Kadawa har Bunkure, ya tsaya a bakin gonarsa ya ga ta koma kamar an cinna mata wuta, sai ya ce shi ya gaji. Ya bi wasu abokansa suka haura Agadas, daga can sai Libiya. Da farko yana kira, ya ce yana aikin gini, ya ce lafiya lau. Daga baya kiran ya ja baya. Sai shiru, kamar an shuka dusa. Muka tambayi duk wanda ya dawo daga can, wani ya ce ya gan shi a gari kaza, wani ya ce a'a, mai kama da shi ne. Babanmu ya rasu a cikin wannan jiran, ba a samu inda za a aika wa ɗansa na fari da labari ba.

Inna ba ta taɓa yin maganarsa a gaban mutane ba. Mutuniyar da ce, tana kunyar ɗan fari irin ta gaske. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce "wanku", ko ta ce "mutumin". Akwai wani mai sayar da taki a garinmu mai irin sunansa, shi ma ya shiga cikin kunyar, sai dai ta ce "mai takin nan". Ko a lokacin da wana yake kira, in an miƙa mata waya ba ta wuce, "Lafiya? To madalla. Allah ya tsare," sai ta miƙo mana kamar wayar tana ƙona mata hannu. Muna yara mukan tsokane ta, mu ce Inna wa ya tafi gona da safe? Sai ta ɗauki muciya ta bi mu.

Sana'arta turara shinkafa. Takan sari shanshera, wato wadda ba a cashe ba, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya a kan tamfol a ƙofar gida, sannan a kai inji. Da wannan ta aurar da ƙannena mata, da shi kuma take riƙe da kanta ba ta jiran kowa. Wayarta 'yar ƙarama ce mai tocila, tana ƙulle da ita a bakin zane. Saboda kunnenta ya fara nauyi mun ƙure mata murya, in aka kira ta duk wanda ke tsakar gida yana jin abin da ake faɗa.

Ina gidan ranar da abin ya fara, bayan la'asar, tana juya shinkafa a duro. Wayar ta yi ƙara, ta goge hannu ta danna. Muryar namiji ce, a shaƙe. Ya yi sallama, ta amsa. Sai ya ce, "Mama, kin gane mai magana?"

A wurinmu wannan tambaya tarko ce ko da ba ɓarawo ya yi ta ba. Ka ce wa mutum ba ka gane shi ba, kamar ka ce ka yar da zumunci ne. Shi ya sa kowa yakan yi ta lalube, ko wane ne, ko wane ne, har ya dace. Ɓarayin sun san haka, suna jira ne kawai ka ba su suna su sa kamar riga. Amma sunan da ya zo wa Inna a ranta ba wanda za ta iya faɗa ba ne. Na ga muciyar ta tsaya cak. Sannan a hankali ta ce, "Kai ne?"

Ya ce, "Ni ne, Mama."

Shi ke nan. Ko sunan bai buƙaci sani ba, domin ba za ta taɓa kiransa da shi ba, ba kuma za ta tambaye shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa bangonmu a tsage yake shekara da shekaru.

Ni ma a ranar na yarda, har na yi hawaye a bayan rumbu. Ya ce kama shi aka yi aka kulle, duka da sanyi suka lalata masa murya. Sai ya shiga gaisuwa, gaisuwa kuwa a Hausa ita ce ke ba baƙo taswirar gida. Ina ƙannena? Inna ta lissafa masa mu, wadda ta yi aure da wadda ta haihu. Ina Baba? Ta gaya masa. Mutumin nan ya fashe da kuka, kuka sosai, yana salati yana Allah ya jiƙan Baba. Inna ta zauna a kan turmi tana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri, ya tafi yana yafe maka." Ta'aziyyar da ta daɗe tana jira ke nan. Kuma a karo na farko a rayuwarta ba ta miƙa wa kowa wayar ba.

Bayan 'yan kwanaki sai buƙatu suka fara. Da farko katin waya, don ya riƙa jin muryarta. Sai kuɗin wata takarda da za a sake shi da ita. Sai kuɗin mota zuwa Agadas. Motar ta lalace a hanya. An tare su. Kullum yana gab da isowa, kullum saura ƙiris. Na duba lambar da yake kira da ita na ga ta gida ce, ba ta waje ba. Ya ce ta wani direba ce yake ara. Na ce a ba ni shi mu gaisa. Ya ce, "Ƙanena! Ka girma ko?" Na ce masa, "Wace gona ce ka noma kafin ka tafi, ta gabas da kanal ko ta yamma?" Sai layin ya fara ƙoƙoƙo, ya katse. Duk ranar da na karɓi wayar, ranar sabis yake lalacewa.

Inna ta ce, "Kai wane irin mutum ne? Ya fito daga wahala, za ka tsare shi da tambaya kamar alƙali?"

Na ce, "Inna, ba shi ba ne."

Ta ce, "To." Ta tashi ta shiga ɗaki. Wanda ya san Inna ya san "to" ɗinta ya fi rufe ƙofa da kwaɗo.

Ta sayar da tunkiyarta. Ta taɓa shansherar da take juyawa, wadda ita ce jarinta. Ba ta aiken kowa, da kanta take sa hijabi ta taka har bakin titi wurin mai tura kuɗi da ke zaune ƙarƙashin lema. Shi ne ma ya tare ni ya ce, "Malam, ka yi wani abu mana. Na gaya mata gaskiya ta ce in yi aikina. Ni kuma kunyarta nake ji, ba zan iya korar ta ba." Na ce masa ni ɗin ma da na fito daga cikinta haka take ce mini. Ana cikin haka sai na ji daga bakin wani dillali cewa ta fara tambayar yadda ake jinginar da gona. Tana da 'yar gona a bakin ƙaramin kanal, mai shan ruwa rani da damina, kuma irin wannan gonar in ta fita daga hannunka da wuya ta dawo.

Akwai wani ɗan sanda da muka yi firamare tare. Na same shi da safe a rumfar mai shayi na zayyana masa komai, har na kawo masa shawara. Na ce a bari sai ɓarawon ya kira, Inna ta ja shi da hira, su kuma su bi layin su gano inda yake. Ya ajiye kofinsa ya kalle ni, ya yi dariya har ya ƙware.

Ya ce, "Kai har yanzu kana nan da fina-finan nan naka? Wane allo ka taɓa gani a wurinmu?"

Na ce, "To a bar shi ya cinye ta ke nan?"

Dariyar ta tafi. Ya ce in kawo ƙara a rubuta, za a tura birni, akan dace wani lokaci. Amma in sani layin wataƙila da sunan wani bawan Allah aka yi masa rajista, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma ana matsa wa ɓarawon zai jefar da shi ya ɗauki wani. Sannan ya ce, "Ita Innar za ta zo ta ce an cuce ta?" Na ce ba za ta zo ba. Ya buɗe hannuwansa. Ya biya mini kuɗin shayi, abin da ya iya yi mini ke nan.

Na yi tunanin ɗauke wayar in jefa a kanal. Na yi tunanin cire layin in ce ya lalace. Sau da yawa wayar tana hannuna in na kai mata caji, babu mai hana ni. Amma tun da aka fara kiran nan Inna take cin abinci sosai. Ta koma yin kitso. Har waƙar daka na ji ta tana yi, abin da rabona da ji tun Baba yana da rai. In na karya layin, me zan sa mata a madadinsa? Haushi ya ishe ni, na ɓarawon da na kaina, kuma ban san wanda zan huce a kansa ba. Matata ta sha faɗan da ba ta san dalilinsa ba a kwanakin nan.

Daga ƙarshe dabarar da ta zo mini ita ce irin ta mai son fim. Na ce gani ya kori ji, bari in nuna mata da idonta. Wata rana da hantsi ta shanya 'yar shinkafar da ta rage a ƙofar gida, tana zaune da sanda tana korar awaki. Na zauna kusa da ita na ce akwai wani wasa da nake so ta gani. Ta ce ita ba ta kallon shirme. Na kunna dai, na riƙe mata wayar.

Ta kalla kuwa, har da sharhi. Da ta ga shugabar 'yan sandan mace ce ta ce, "Wannan ba ta da miji ne take bin maza da bindiga?" Da aka nuno wani tsoho da aka kira aka ce ɗansa na asibiti, ya tafi da rawar jiki ya kwashe abin da ya tara, sai ta ce, "Allah sarki, bawan Allah." Ina satar kallon fuskarta ina jira in ga inda abin zai taɓa ta. Aka zo wurin da na fi so, jiniya da fasa ƙofa, aka fito da samarin a jere kowa ya sunkuyar da kai. Ni ina jin daɗi, ita kuwa ta girgiza kai ta ce, "Duk 'ya'yan mutane ne. Kowane da uwarsa."

Na kashe wayar. Na tanadi hujjata tun kwanaki, ina ji da ita kamar ɗan sandan da ya tsinci zanen yatsa. Wana a hannun kakarmu ya tashi, kamar yadda ake yi wa ɗan fari, ya taso yana jin ƙannen Inna suna ce mata Yaya, shi ma ya ɗauka. Har ya yi gemu Yaya yake ce mata. Na ce, "Inna, ki tuna da abin da wana yake kiranki. Wannan mutumin Mama yake cewa."

Ta kore wata akuya da sandarta, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Kai ne za ka tuna mini? Tun kalmar farko na ji."

Na ajiye wayar a gefe.

Ta ce, "Na haife shi ina yarinya, aka ɗauke shi aka kai wa tsohuwa. Ban goya shi a gaban mutane ba. Ban kira sunansa ba. Shi ma bai taɓa kirana uwa da bakinsa ba, har ya tafi. Muna ta kunya, muna ta kunya, muna cewa akwai lokaci." Ta gyara bakin zanenta inda wayar take ƙulle. "Wannan in ya kira ya ce Mama, na san ba shi ba ne. Sai in rufe ido."

Na ce, "Amma Inna, cutar ki yake yi."

Ta ce, "Na sani. Ko ba nawa ba ne, na wata ne. Wa ya sani ko nawa yana can yana roƙon wata, ita ma ta ba shi?"

Na kawo maganar gona. Ta ce in kwantar da hankalina, ta tambaya ne kawai, ta kuma fasa. Kason wana yana ciki, in ya dawo me zai noma? Yadda ta faɗi "in ya dawo" ɗin nan, kamar wanda ya je cin kasuwa Madobi, ya fi komai karya mini zuciya. Na zo da shirin gardama, na tarar babu wanda zan yi da shi. Duk abin da na sani ta riga ni sani, kuma sanin bai amfane mu da komai ba.

Can sai ta ce in mayar mata da wasan baya, wurin da jan abin nan yake tafiya. Na mayar. Ta matso da fuskarta kusa da wayar tana bin ɗigon da ido har ya tsaya a kan rufin.

Ta ce, "Wannan abin, ɓarayi kaɗai yake nemowa, ko kowa?"

Na ce, "Inna, fim ne."

Ta ce, "Na ji fim ne. Amma da lamba suke nemowa, ko ba haka ba? In suna da lambar mutum?"

Na ce haka ne, da lamba. Na ce amma lambar da wana yake kiranmu da ita daga can ta bi tsohuwar wayata da ta faɗa ruwa, babu wanda yake da ita yanzu.

Ta ce, "Danna."

Sai ta fara karantowa. Inna ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ashe tun lokacin da yake kira ta sa ƙanwata ta yi ta karanta mata lambar har ta zauna mata. Ta jero ta tiryan-tiryan, da ɗan kari irin na mai tilawa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ji ka san ba ranar ta fara maimaita ta ba. Na danna. Ta ce in buɗe muryar yadda za ta ji.

Layin ya yi ta neman hanya. Sai muryar wata mace ta fito, irin wadda kamfanin waya yake naɗa, tana magana da Larabci a nutse. Ɗan Larabcin da na samu a Islamiyya ya ishe ni in gane. Cewa take yi lambar nan babu ita, ba a amfani da ita.

Inna ba ta jin Larabci. Abin da ta sani shi ne, duk inda aka yi shi sunan Allah ake kira. Ta ajiye sandarta, ta ɗaga tafukan hannunta biyu tana cewa, "Amin. Amin ya Allah." Muryar ta sake maimaita maganar, Inna ta sake amsawa da amin, ta shafa a fuskarta. Sannan ta juyo gare ni, idanunta sun cika, tana murmushi.

Ta ce, "Kai da ka yi karatu, me take roƙa masa?"